Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Matasan Shirin Renon Kamfanonin Nama

 

Mai girma shugaban taro. Sarkin Fawa, ranka ya daɗe, da tawagarka. Iyayenmu arɗo-arɗo da shugabannin dillalan kara. Masu zuba jari, malamai, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, barkanku da zuwa.

Wannan tsari na tara matasa masu sabuwar dabara, a ba su ɗan jari da masu yi musu jagora na 'yan watanni, sannan a tsayar da su gaban masu kuɗi, a Amurka ya yi suna, tun da Y Combinator ya fara a 2005. Ta can kamfanin biyan kuɗi na Paystack na Legas ya bi a 2016, har Stripe ya saye shi a 2020. Sai dai ku kun zaɓi abin da ya fi nasu wuya, domin kuɗi ba ya ruɓewa a hanya, nama kuwa awoyi kaɗan yake ba mutum.

Ku dubi yadda muke kai shanu Kudu. Ana ɗauko sa daga Maigatari ko Potiskum ko Mai'adua, a cusa shi a tirela, ya yi kilomita 1,000 ko fiye kafin ya isa mayankar Oko-Oba a Agege. Kwana biyu ko uku ba ci ba sha na kirki. Duk sai sun rame, wani ya karye, wani a yanka shi a bakin titi don kada ya zama mushe. A kowane shinge direba sai ya taɓa aljihu. Idan aka bi sawun wannan asara, a wuyan makiyayi take ƙarewa, domin mai saye ya riga ya cire ta daga farashi tun a kara. Kuma ba nama kaɗai muke aikawa ba. Fata ta tafi a babbake ta a ci ganda, alhali majemun Sharaɗa da Challawa na nema. Ƙashi da jini, da ake abincin kaji da taki da su, sun tafi. Aikin fiɗa ma ya tafi. A 2016 an gwada jigilar shanu ta jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas, abin bai ɗore ba.

Ostireliya ta bi wata hanya. Duk saniyar da aka sayar a can ana cire dala 5 ta ƙasar, mafi yawanta ta shiga hukumar makiyaya ta Meat & Livestock Australia, gwamnati kuma ta ɗora kwatankwacin abin da aka kashe kan bincike. Hukumar na tallafa wa sabbin kamfanoni irin naku. Abin lura shi ne, masu dabbobin ne ke faɗar matsalar da za a magance, tunda kuɗinsu ne.

A nan ne nake jan kunnenku. Na ji wasunku na cewa manhajarsu za ta kawar da dillali. A yi hattara. Dillali ne ke sauke baƙo, ya tsaya shaidar cewa dabba ba ta sata ba ce, ya tsaya wa mahauci a ba shi bashi ya yanka ya biya da yamma. Wanda zai maye gurbinsa sai ya ɗauki dukkan wannan nauyi. Haka mai ɗakin sanyi na hasken rana: uwargida za ta tambaye shi wa ya yanka, yaushe aka yanka. In ba Sarkin Fawa a bayansa, daskararren namansa zai daɗe yana jiran mai saye. Mai sikeli kuma ya sani cewa kasuwar da ta saba ciniki da ido ba ta karɓar awo rana ɗaya.

Ƙofofi a buɗe suke. Cibiyar binciken kiwo ta NAPRI na Shika, cibiyar allurar dabbobi na Vom, tun 2024 kuma akwai ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Maƙwabtanmu na Nijar har sun yi wa kilishinsu rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta OAPI, mu muna nan muna naɗe namu a takardar siminti.

Alhazai masu jari, gare ku na juyo. Turkar sa wata uku zuwa huɗu take ci kafin a ga riba, mayanka mai sanyi kuwa shekaru. Kada ku nemi yaran nan su dawo muku da kuɗi kafin babbar salla. Ku ba su wa'adi, ku ba su kwangilar saye a rubuce.

Da izinin shugaban taro, ina yaye waɗannan matasa. Allah Ya sa albarka a nemansu, Ya mai da kowa gida lafiya.