Kafin Naƙuda Ta Kama

A Sabon Birni da Isa hanya ce ke zaɓa wa mai ciki asibiti. Da magariba ta yi, wane direba zai kama hanyar Goronyo zuwa Sakkwato, alhali 'yan bindiga na cikin daji? Jijjiga da zubar jini kuwa ba su jiran gari ya waye.

Don haka maigida, tun cikin yana wata bakwai ka bi uwargida awo, ka buɗe baki ka yi tambaya. Akwai likitan da ke kwana? Ana tiyata da dare? In wuta ta ɗauke, da me ake haska ɗakin haihuwa, sola ko fitilar waya? Jini fa, wa zai bayar? Ka san rukunin jininta, ka shirya 'yan'uwa biyu.

Ungozomar ƙauye mutuniyarmu ce, amma mai cikin fari da wadda aka taɓa yi wa aiki sun fi ƙarfinta. Doguwar naƙuda ce ke kai 'yan mata Asibitin Maryam Abacha na Sakkwato da yoyon fitsari. Irin waɗannan masu ciki, tun watan haihuwa bai kama ba su tare gidan dangi kusa da babban asibiti, ko da surukai za su yi gunaguni.