Ƙwayar Wanke Masai Da Yoyon Tanki

Yau za mu yi magana a kan masai na zamani, watau mai tankin ruwa. Yawancinmu salga mu ke da ita a gida. Amma 'ya'yanmu da ƙannenmu suna zaune a birnin Kano, wasu a Gyaɗi-Gyaɗi, wasu a Tarauni. Mukan je musu ziyara. Wasunmu ma suna gadi ko aikatau a gidajen nan. To, ya kamata mu san wannan abu.

Akwai wata ƙwaya da a ke sayarwa a kantuna. Wata shuɗiya ce, wata fara. Akan jefa ta cikin tanki, wai ta riƙa wanke masai ba tare da an sa hannu ba. An tambaye mu, shin tana sa tanki yoyo? I, tana sawa, musamman farar, mai warin bilic.

Ga dalili. A cikin tanki akwai roba. Wata ce ke toshe ramin da ruwa ke sauka. Wasu ƙanana suna jikin kusoshin da su ka ɗaure tanki. Maganin da ke cikin ƙwayar, wanda a ke kira kulorin, yana cin roba a hankali. Sai ta yi laushi, ko ta bushe ta tsage. Kusoshin kuma su yi tsatsa. In ka taɓa robar ka ga baƙi a yatsanka, ta fara mutuwa ke nan.

Abin ya fi muni in ruwa ya daɗe a tsaye. Ga misali. Mai gida ya jefa ƙwaya, ya kulle gida, ya taho mana hutun Salla da iyalinsa. Kwana bakwai ba wanda ya ja ruwa. Ƙwaya tana ta narkewa, magani yana ƙara ƙarfi, roba tana jiƙe a ciki.

Yoyon nan iri biyu ne. Ɗaya yana ɗiga a ƙasa, kowa ya gani. Ɗayan shi ne mugu, gama ba ya ƙara. Ruwa yana silalewa cikin masai dare da rana. A unguwannin nan kuwa ruwa ba banza ba ne. Wani daga 'yan garuwa ya ke saye, wani sai ya ƙona man inji kafin rijiyar burtsatse ta cika masa tanki. Sa'an nan ramin ƙazanta ya cika da wuri, a biya masu kwashewa.

Ƙaƙa za mu gane? Da sauƙi. A fitar da ƙwayar, a ja ruwa har ya yi fari. A zuba kofi guda na zoɓo mai kauri cikin tanki. Kada kowa ya ja ruwa har rabin sa'a. In ja ya bayyana a cikin masai, roba ta lalace. A kira mai gyaran famfo ya sake ta. Roba kaɗai za a sake, ba tanki duka ba.

Wankin masai kuwa, a zuba magani cikin masan kansa, a goge da buroshi, a ja ruwa. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki, hayaƙinsu yana shaƙe mutum. Ƙwayar da ta rage kuma a ɓoye ta, kada yaro ya zaci alewa ce.