Ina Rabon Nakasassu Da Marasa Aiki A Ruwan Tiga?

 

'Yan uwa, an ce in yi magana a kan aikin yi, to ba sai mun je nesa ba. Tun 1974 aka gama dam ɗin Tiga a zamanin Audu Baƙo, aka ja ruwa ya ratsa Bunkure, Kura da Garun Malam. Rani da damina ana noma a nan. Shinkafar Kura ta san kasuwanni, tumatirin Kwanar Gafan har Legas yake kwana. Amma ka tsaya a bakin titin Zariya da hantsi ka ƙirga guragu da makafin da ke miƙa hannu ga motoci, ka ƙirga samarin da suka shekara biyar, shida da takarda a hannu suna zaman kashe wando. Ruwa na wucewa ta bayan gidansu, su ko garwa ɗaya ba ta zama tasu ba.

Wai ba a yi komai ba? An yi, a takarda. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar samar da aikin yi, NDE. A 2016 aka zo da N-Power, ana ba matasa Naira 30,000 a wata, wa'adi ya cika aka sallame su suka koma inda suka fito. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ce ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon iko, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda keken gurgu zai shiga. Shekara biyar ɗin nan ta cika tun Janairun 2024.

Ni da kaina na raka wani abokina gurgu, mai shaidar malanta, wani ofis neman aiki. Ofishin a bene yake. Sai da muka ɗauke shi mu biyu kamar buhu, ya isa sama yana sunkuyar da kai. Mai karɓar takardu bai ma buɗe fayil ɗin ba, ya laluba aljihu ya miƙo masa ɗari biyu. Wallahi da zagin sa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Alhali Manzon Allah (S) ya sha barin Abdullahi bin Ummi Maktum, makaho, ya riƙe Madina idan zai fita. Amana aka ba shi, ba kuɗin cefane ba.

To me muke nema? Ba taron raba keken ɗinki a gaban 'yan jarida ba, wanda bayan sati biyu za ka gan shi a kasuwa saboda babu jarin sayen zare. Muna neman a kowace sakatariya a sami tebur guda, a ƙasa, da ma'aikacin da aikinsa ke nan: ya rubuta waɗanda suka daɗe ba aiki da nakasassu unguwa-unguwa, ya san abin da kowa ya iya, ya taka da ƙafarsa wurin masu injin gyaran shinkafa da manyan manoma ya haɗa su. Bayan wata uku ya koma ya ga ko mutumin yana nan, ko ana biyan sa.

Kuma aikin yana nan. Rainon irin tumatir da albasa a zaune ake yi. Gyaran injin ban ruwa hannu yake so da kai. Ɗinkin buhu, rubuta awo, tsince shinkafa, yanka kauɗa, wanne ne ya gagari gurgu ko kurma? A Kano ƙungiyar waɗanda shan-inna ta nakasa su ke walda kekunansu da kansu. Hukumar kogin Haɗeja-Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su ma suna da abin yi: yashe kanal da sare kachala aiki ne na kowace shekara, a fara da waɗanda ke cikin rajistar.

Kada kuma mu rataya komai a wuyan kamfani ɗaya. Masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa ta buɗe a 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonaki, tun daga nan ta sha buɗewa tana rufewa.

Namu kuwa, 'yan uwa, kafin Juma'a mai zuwa kowa ya kawo sunayen mutum biyar na unguwarsa, da abin da kowannensu ya iya. Da takardar za mu je sakatariya, kuma da su za mu je.