Baƙo da Hanyar Gudun Asuba

(Jawabin da aka gabatar a Makon Wasanni na Ƙungiyar Ɗalibai)



An nemi in yi magana a kan gudun famfalaki, watau tseren nan na kilomita 42 da mita 195, wanda aka fara yin sa bisa wannan awo a wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka kuma tabbatar da awon a 1921. To, tarihinsa yana cikin littattafai, kowa na iya dubawa. Abin da nake so mu tattauna a yau wata 'yar matsala ce wadda ba a cika ambatonta ba, alhali kuwa tana kayar da masu shirin tseren nan da yawa. Matsalar ita ce tafiya.

Wanda ya ƙudurta shiga famfalaki yakan ɗauki kamar wata huɗu yana shiri. Kowane mako akwai gudu mai tsawo guda ɗaya, wanda yake ƙaruwa sannu a hankali har ya kai kilomita 30 ko ya ɗan ɗara, kuma shi ne ƙashin bayan shirin duka. Ana cikin haka sai a tura ɗalibi wani gari neman bayanin kundinsa, ko a tura ƙaramin ma'aikaci kwas na mako uku, ko maigidansa ya tafi da shi rangadi. Ya sauka a masauki, takalmansa na cikin jaka, asuba ta yi, ya leƙa waje bai san gabas ba balle yamma. Sai ya ce gobe. Goben nan ita ke cinye mako uku, aikin wata biyu ya bi ruwa.

Kuskuren farko da baƙo yake yi shi ne ya ce sai ya sami doguwar hanya mai kilomita 30 a miƙe. A ganina wannan neman wahala ne. Ku dubi abin da aka yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ran 12 ga Oktoba 2019, sa'ad da Eliud Kipchoge, mutumin Kenya, ya gama nisan famfalaki cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40. Ko da yake ba a lissafa wannan cikin bajintar da hukuma ta amince da ita ba, saboda yadda aka shirya gudun, akwai darasi cikin wurin da aka zaɓa. Wani shimfiɗaɗɗen titi ne cikin lambu, mai itatuwa dama da hagu, tsawonsa bai fi kilomita 4 da 'yan kai ba, ya yi ta kai da kawowa a kansa har ya gama. Mutanen da suke da ikon zaɓar kowane titi a duniya, gajere suka zaɓa suka maimaita.

Saboda haka abin da baƙo zai nema shi ne zagaye na kilomita 3 zuwa 5 wanda zai iya haddace shi cikin yini guda. Amfaninsa a fili yake. Kana iya ajiye gorar ruwanka wurin maigadi, ka kurɓa duk sa'ad da ka zagayo. In jijiya ta ɗaure, ko ciki ya murɗa, ba ka yi nisa da masauki ba. Wanda kuwa ya miƙe kilomita 15 zuwa bayan gari, ƙafa ta ƙi, rana ta take, ba ruwa ba kuɗin mota, ya san ya ɗebo ruwan dafa kansa. Filin wasa ma yana yi, in babu wani. Zagayensa mita 400 ne, watau kilomita 30 zagaye 75 ke nan. Akwai gundura, ba na musu, amma ƙafa ba ta san gundura ba, nisa kaɗai take ƙirgawa. Sai dai a riƙa juya akala lokaci lokaci, don kada ƙafa guda ta ɗauki nauyin kwana ita kaɗai.

To, ta yaya za a sami zagayen? Na san da yawanku za ku ce ai ga waya. Gaskiya ne, taswirar Google tana auna nisa, manhajar Strava kuma tana nuna titunan da masu gudu suka fi bi, har ma a 2018 aka gano tana tona asirin sansanonin soja ta wannan hanya. Ku yi amfani da su. Amma taswira ba ta nuna lambatun da aka ɗauke murfinsa, ba ta nuna karen da ake saki da dare, ba ta kuma san unguwar da ake rufe ƙofarta sai gari ya waye ba. Wannan ilmi yana hannun waɗanda suke farke da asuba, su ne maigadi, da mai shayi, da ladan, da direban da yake sammako zuwa tasha. Da ɗan gari kan ci gari. Sai dai tambayar ma tana da dabara. In ka ce wa maigadi, "Baba, hanyar nan da nisa?" zai ce maka nan kusa ne, ko da tafiyar rabin yini ce. Tambaye shi ina ne mutane suke motsa jiki da safe, wace hanya ce manyan motoci suke bi, ina ne ba ya son ɗansa ya bi kafin fitowar rana. Nan za ka ji magana mai amfani. Mafi kyau duka, ka je filin wasan garin ran Asabar da sassafe, ka yi sallama da waɗanda ka tarar. Masu gudu ba su da rowar hanya.

Yanzu ga maganar da na fi so ku riƙe. A garuruwanmu, baƙon fuska da aka gani yana sheƙa gudu cikin duhu, ba ɗan wasa ake fara ɗaukarsa ba. Mutum ɗaya ya isa ya ɗaga murya ya ce ɓarawo, kuma duk mun san abin da yakan biyo bayan wannan kalma, tun kafin a saurari bayani. Don haka ka fara bin hanyar da rana, a ƙafa, cikin natsuwa. Ka gaida masu shago, ka nemi 'yan sintirin unguwa ka shaida musu kai baƙo ne, ga inda ka sauka, za su riƙa ganinka da safe. Ka sa tufafin da kowa ya gani ya san na wasa ne, masu haske, katin shaidarka yana aljihu. Kada ka fita sai an sallame sallar asuba, mutane sun fara zirga-zirga. In aka ce tsaya, ka tsaya cik, ko da agogonka yana ƙirga. Inda ka ga shingen jami'an tsaro, ka rage gudu ka wuce da tafiya. Ku kuma 'yan'uwana mata, harabar jami'a ko ta kwaleji ita ce ta fi muku kwanciyar hankali a baƙon gari, kuma ku nemi abokiyar gudu tun daren ranar.

Game da motoci, tun 1972 ake tuƙi a hannun dama a ƙasar nan, don haka mai gudu gefen hagu zai bi, yana fuskantar abin da ke tahowa. Wanda ya je Kenya ko Ingila sai ya juya lissafin. A kuma tambaya ko ana tsare hanya ran Asabar ta ƙarshen wata saboda tsabtace gari, domin wasu jihohi suna yi.

Kowane gari kuma da abin da yake bayarwa, kada a tilasta masa abin da ba shi da shi. A Kano akwai Filin Sukuwa da titunan Nasarawa masu inuwa, mai son hawa kuma ga Dala da Goron Dutse. A Kaduna akwai Dandalin Murtala. A Abuja mutane sukan taru bakin tafkin Jabi, tituna kuma suna da faɗi, amma tuddansu suna yaudarar ido, sai ka hau za ka sani. Jos kuwa tana bisa tudu kimanin mita 1,200, iskarta ta fi sauƙin nauyi, wanda ya zo daga ƙasa zai ji numfashinsa yana sama sama a kwanakin farko. Kada ya tsorata, ya dai rage sauri. Ba banza ba ne manyan masu dogon gudu na ƙasar nan da yawa 'yan Filato ne, kamar yadda garin Iten na Kenya, mai tudun mita 2,400, ya zama matattarar zakaru.

Legas ita ce ta fi buƙatar gargaɗi, tun da can ne akasarinku kuke hari. An fara tseren famfalakin birnin a 2016, ana yin sa cikin Fabrairu. Ma'anar wannan ita ce, makonninku mafi nauyi za su faɗo cikin Disamba da Janairu, lokacin sanyi da hazo a nan Arewa, inda gumi yake bushewa tun bai zubo ba. Can kuwa iska jiƙe take, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Duk wanda aiki ya kai shi Legas kafin tseren, ya ɗauki tafiyar a matsayin ganima, ya koya wa jikinsa wannan zafi. Amma kada kwaɗayi ya kai shi kan gadar nan ta uku mai tsawon kusan kilomita 12. Ba wurin ɗan Adam ba ne a ƙafa. Ya nufi gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013. Ba ta kai kilomita ɗaya da rabi ba, tana da gefen masu tafiya a ƙasa, kuma tun kafin rana ta fito zai tarar da 'yan gari a kanta, sai ya bi sahunsu.

Shugaba, a nan zan dakata, in saurari tambayoyi.