Kuɗin Makarantun Firamare Su Bi Yawan Yara: Jawabina a Taron Matasan Ƙofar Kaura

 

Makon jiya na raka ɗiyar yayana makarantarsu ta firamare, ba zan kama suna ba. Na leƙa ajin, yara zaune a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa, allon ya koɗe har ba a ganin rubutu. Malamar ta ce da kuɗinta take sayen alli. Wannan fa cikin birni ke nan. To ina ga yaran Batsari, Safana da Jibiya, inda 'yan bindiga suka kori malamai daga wasu ƙauyukan?

Mutane da yawa ba su san yadda ake rabon kuɗin nan ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. Kason da ake ba jihohi don gina ajujuwa, daidai wa daida ake raba shi, sannan sai jiha ta ajiye nata kwatankwacinsa kafin ta karɓa. Ku duba nan: a ƙidayar 2006 Katsina na da mutum kusan miliyan 5.8, Bayelsa kusan miliyan 1.7. Mu ƙananan hukumomi 34, su 8. Amma tulu ɗaya ake aunawa kowa. Wallahi ba hassada nake wa Bayelsa ba, yaransu ma 'ya'ya ne. Sai dai yaron Katsina ɗan guntun abin da yaron can ke samu yake samu.

Mu kuma kada mu wanke kanmu. Abin da ya iso Katsina, sau da yawa makarantar da ke bakin titi ake yi wa fenti, wadda manya za su gani in sun wuce. Garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, bai cancanci haka ba.

Wani zai ce muna tona asirin jam'iyyarmu. Mu muka bi gida-gida muka nemo ƙuri'ar nan, mu iyaye za su tare a lungu su tambaya.

Mun rubuta takarda zuwa ga 'yan majalisarmu na tarayya, a gyara dokar, rabo ya bi yawan ɗalibai. Mun kuma nemi SUBEB ta riƙa liƙa abin da kowace makaranta ta samu a ƙofarta. Takardar na hannun sakatare can bakin rumfa, kowa ya sa hannu kafin ya tafi, har da lambar akwatin zaɓensa.