Gwajin sukari ga mai juna biyu

Kafin mu buɗe akwati, ina da magana kan ciwon sukarin da ke zuwa da ciki.

Sau da yawa ba ya nuna alama. Ƙishirwa da yawan fitsari, ai kowace mai ciki ta san su, gwajin jini ne kaɗai zai faɗa. Ana yin sa tsakanin mako 24 da 28. Wadda ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4, ko akwai ciwon a danginta, ta gaya wa malamar awo tun zuwan farko.

Mukan ce ƙaton jariri ƙoshi ne. To, wani lokacin sukarin uwa ne ya yi masa yawa, ya zo ya maƙale wajen haihuwa.

In an gano, kar ki zauna da yunwa. Rage sukari a koko, bar lemon kwalba, rage malmalar tuwo, ƙara zogale da wake, ki ɗan taka bayan cin abinci. Wata sai an haɗa mata da allurar insulin.

Roƙona, kuɗin mota zuwa babban asibitin Dutsin-Ma ko Kurfi mu fitar daga asusun taimako. A sake gwaji mako 6 bayan haihuwa.