Duwatsun Tunawa

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Joshuwa, sura 4. Amma kafin mu buɗe littafin, ku zo mu ɗan tsaya a Ƙofar Wunti, cikin garin Bauchi.

Da yawa cikinmu mun sha wucewa ta wurin. Muna zuwa Kasuwar Wunti da doya ko dawa, mu sayar, mu sayi gishiri da atamfa, mu koma gida. Amma a ce yaro ya ja mana riga ya ce, "Baba, don me ake ce da wurin nan ƙofa?" Me za mu amsa masa?

Ga amsar. A wajen 1809 ne Malam Yakubu, sarkin Bauchi na fari, ya kafa garin, aka kewaye shi da ganuwa. Ƙofar Wunti ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar, kamar Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Nassarawa. Ba don ado aka gina ganuwa ba, zamanin yaƙi ne. A zamanin ne kakannin waɗansunmu suka hau kan duwatsu don su tsira. Yakubu kansa Bageri ne, daga ƙaramar kabila irin namu. Yau gari ya wuce ganuwa nesa, sunan ƙofa ya rage a bakin masu tuƙa keke Napep, labarin kuwa yana shuɗewa.

Cikin garin nan kuma akwai kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, firayim ministan Najeriya, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairu 1966. Mai ziyara yakan bi ta wata hanya mai duhu kafin ya fito cikin haske inda kabarin yake, sama a buɗe ba rufi. An adana kayansa a wurin domin mutane su gani. Hotonsa ne a takardar naira 5. Duk da haka, yara nawa ne a gidajenmu suka san ko shi wane ne?

Yanzu mu koma ga Joshuwa. Da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun a busasshiyar ƙasa, aka zaɓi mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, kowa ya ɗauko dutse daga tsakiyar kogin. Aka kafa duwatsun a Gilgal. Ku lura, ba a ce an yi rubutu a kansu ba. Aikinsu shi ne su sa yaro ya yi tambaya, aikin iyaye kuwa su ba da amsa. Ku lura kuma, ba a bar kabila ko ɗaya a baya ba. Babba da ƙarama, kowace da dutsenta.

'Yan'uwa, dutse ba shi da baki. Allon tunawa da aka manna a bango ma, in ba mai karantawa ya bayyana, ƙarfe ne kawai. Ranar da mai ba da amsa ya rasu bai faɗa wa kowa ba, ranar ce dutsen ya koma dutse kamar sauran.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Mu Zaar da Jarawa da Ngas da sauransu, yawancin tarihinmu yana bakin tsofaffi ne, ba a takarda ba. A majami'u da yawa akwai ɗan allo a jikin bango mai ɗauke da shekarar aza harsashi. Amma wa ya ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa? Wace tsohuwa ce ta sayar da akuyarta aka sayi kwanon rufi? Wa ya fara koya wa mutanen ƙauye karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932? Allo bai faɗa ba.

Ga abin da muke roƙonku. Cikin makon nan ku zauna da tsoho ko tsohuwar gidanku, yara suna kusa. Ku tambaya, da harshenku na gida, inda kuka fito da yadda kuka zo inda kuke. Ku sa ɗan makaranta ya rubuta sunaye da wurare. Ku faɗi gaskiya duka, mai daɗi da mai ɗaci, amma kada ku mai da dutsen tunawa ya zama dutsen jifa. An kafa na Gilgal domin a tuna da taimakon Allah, ba domin riƙon wani a zuciya ba.

In kuma kun shigo Bauchi, ku tsaya da yaranku a Ƙofar Wunti, ku kai su kabarin nan, ku bar su su yi tambaya.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka ba mu bakin da zai amsa wa 'ya'yanmu da gaskiya da ƙauna. Amin.